An ɗaga Debian, PostgreSQL na nan inda yake: fashin baƙi kan sauya babbar sigar rumbun bayanai

Tambayar da ke yawo tsakanin masu kula da uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ita ce: tun da an ɗaga babbar manhajar kwamfutar zuwa sabuwar siga, me ya sa rumbun bayanan da ke kanta bai bi ta ba? Wani zai ce ya ɗaga Debian, babbar manhajar kwamfuta ta dangin Linux, daga siga ta 11 zuwa 12 lafiya ƙalau, amma da ya tambayi PostgreSQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayanan, sigarsa sai ya ga 13, alhali Debian 12 da 15 ta zo. Wani kuma nasa ƙin tashi ya yi gaba ɗaya, yana cewa fayilolin da ya tarar ba su dace da shi ba. Maganar ta ƙara zafi ne saboda abu biyu da suka zo kusa da juna. Debian 13 ta fito ranar 9 ga Agusta 2025 ɗauke da PostgreSQL 17, sannan ranar 13 ga Nuwamba 2025 masu PostgreSQL suka saki gyara na ƙarshe ga siga ta 13, wadda ita ce ta zo da Debian 11. Duk wanda ke kan wannan tsohuwar siga yanzu dole ya yi tunanin tashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ɗaga babbar manhaja da ɗaga rumbun bayanai a matsayin aiki ɗaya. Aiki biyu ne, kowanne da haɗarinsa, kuma wurin da suke haɗuwa shi ne ya fi ɓoye ɓarna.

Ƙaramin gyara da babban sauyi

Tun daga siga ta 10, wadda ta fito a Oktoba 2017, lambar PostgreSQL kashi biyu ce. Ta farko ita ce babbar siga, ta biyu kuma lambar gyara. Idan ka tashi daga 15.6 zuwa 15.7, gyara ka yi: an toshe kurakurai da kafofin tsaro, amma yadda ake ajiye bayanai a faifai bai sauya ba. Ka tsayar da manhajar, ka saka sabuwa, ka tashe ta, shi ke nan. Irin wannan gyaran yana fitowa aƙalla sau huɗu a shekara, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Idan kuwa daga 15 zuwa 16 ne, to ƙaura ce.

Kafin 2017 lambobi biyun farko ne ke nuna babbar siga, don haka 9.5 zuwa 9.6 ƙaura ce ita ma. Wannan ya daɗe yana rikita mutane, kuma har yau akwai waɗanda ke ganin ɗigo suna zaton ƙaramin abu ne.

Babbar siga tana fitowa sau ɗaya a shekara, wajen Satumba ko Oktoba, kuma kowace tana samun kulawa ta shekara 5. Ta 12 ta ƙare a Nuwamba 2024, ta 13 a Nuwamba 2025, ta 14 kuma, wadda ke cikin Ubuntu 22.04, wa'adinta Nuwamba 2026 ne.

Me ya hana sabuwar siga karanta tsofaffin fayiloli?

Ban da bayanan da ka zuba, PostgreSQL yana riƙe da wasu jadawalai nasa na kansa, inda yake rubuta sunan kowane jadawali, irin abin da ke cikin kowane layi, wanda ke da izinin taɓa me, da fihirisar da ke kan me. Kamar littafin da magatakarda ke riƙewa ne, wanda ke faɗin a wane ɗaki kuma a wace kanta aka ajiye kowane fayil. Kowace babbar siga tana sake tsara wannan littafi, saboda sababbin abubuwan da aka ƙara suna buƙatar gurbi. Idan sabon magatakarda ya karanta tsohon littafi da sabuwar ƙa'ida, zai nuna maka ɗakin da ba shi ba.

Shi ya sa a cikin jakar bayanan akwai ɗan fayil mai suna PG_VERSION. Manhajar tana duba shi kafin komai, idan lambar ba tata ba ce ta ƙi tashi. Mutane na jin haushin wannan ƙin, amma kariya ce. Da ta tashi ta fara rubutu a kan abin da ba ta fahimta ba, da ba a tsira da komai ba.

Masu amfani da Arch Linux da masu Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji kowace a keɓe, su suka fi cin karo da wannan saƙo, domin a wurinsu sabuwar manhajar tana maye gurbin tsohuwar kai tsaye, ta bar tsofaffin fayiloli ba mai karanta su. A Fedora da dangin Red Hat akwai kunshin postgresql-upgrade da ke riƙe da tsohuwar manhajar don a yi ƙaurar da ita. Debian da Ubuntu kuwa wata hanya suka bi daban.

Abin da Debian da Ubuntu ke yi a bayan fage

A waɗannan biyun, sigogi da yawa suna iya zama a kwamfuta ɗaya, kowace da ɗakinta. Bayanan siga ta 13 suna /var/lib/postgresql/13/main, saitunanta suna /etc/postgresql/13/main. Lokacin da aka ɗaga Debian 11 zuwa 12, sai a girka siga ta 15 a gefe, a buɗe mata sabon rumbu wanda babu komai a cikinsa, a ba shi ƙofa mai lamba 5433, tunda tsohon yana riƙe da 5432 da aka saba. Tsohon kuma ya ci gaba da aikinsa. Manhajar asibitin ko ta shagon tana haɗuwa da 5432 kamar jiya, ba wanda ya ga wani sauyi.

Wannan dabara ce mai kyau, domin ba a taɓa bayanan kowa ba tare da saninsa ba. Amma ita ce kuma ke sa mutum ya yi barci. Ana nuna gargaɗi a tsakiyar aikin cewa tsohuwar siga ta zama tsohon yayi, sai dai wanda ya kwashe awa guda yana danna "to" ga tambayoyi barkatai ba lallai ya tsaya ya karanta ba. Daga ranar, sabuwar Debian ba ta aiko wa siga ta 13 gyaran tsaro, domin ba ta cikin kayanta. Ana iya shekara biyu a haka, mai kula da uwar garken yana ta sabunta komai kowane mako, yana ganin ya yi abin da ya kamata, alhali abin da ya fi komai daraja a kwamfutar shi ne kaɗai ba ya samun gyara.

Umarnin pg_lsclusters shi ke tona wannan. Yana jera kowane rumbu da sigarsa da ƙofarsa da ko yana aiki. Idan ka ga layi biyu, 13 a 5432 da 15 a 5433, to ba a yi ƙaura ba tukuna. Yadda ake yinta shi ne a fara rushe sabon rumbun nan da ba komai a ciki da pg_dropcluster --stop 15 main, sannan a ba da pg_upgradecluster 13 main. Shi zai gina sabo, ya kwashe bayanan da saitunan zuwa can, ya ba sabon ƙofa ta 5432, ya mayar da tsohon wata ƙofa ya bar shi a kashe. A nan a kula da yatsa ƙwarai: wanda ya rubuta 13 a wurin 15 a umarnin rushewa ya rushe rumbun gaske, kuma babu kwandon shara da zai je ya ɗauko shi. Haka ma wanda ya yi gaggawar share tsofaffin kunshi da apt purge kafin ya yi ƙaura, domin sharewar tana iya haɗawa da jakar bayanan.

Hanyoyin ƙaura da abin da kowace ke ci

Hanya mafi tsufa ita ce a zazzage komai a sake zubawa. Umarnin pg_dump ko pg_dumpall yana rubuta duk abin da ke rumbun a fayil, sabuwar siga ta karanta ta sake gina jadawalai da fihirisa tun daga tushe. Ita ce pg_upgradecluster ke bi idan ba ka ce masa komai ba. Aibinta lokaci ne da wuri: muddin ana zazzagewa da zubawa, dole a hana kowa rubutu, kuma faifan yana buƙatar sararin da zai ɗauki tsoho da sabo tare. Ga rumbun da bai wuce gigabait kaɗan ba, wanda shi ne abin da yawancin makarantu da ƙananan asibitoci da kamfanoni ke da shi, wannan aikin mintuna ne, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da su. Dalilin zai fito nan gaba kaɗan.

Ta biyu ita ce pg_upgrade. Shi ba ya sake rubuta bayanan, littafin magatakardan kawai yake sabuntawa, sannan ya kawo fayilolin bayanan yadda suke, tunda tsarin su kansu bai cika sauyawa ba. Yana iya tsallake sigogi, daga 13 zuwa 17 kai tsaye, abin da ita Debian ba ta yarda a yi mata ba, sai an bi ta 12 kafin 13. Idan aka ce ya kwafa, tsohon rumbun yana nan lafiya, ana iya komawa. Idan aka ba shi --link, ba ya kwafar komai, tsoho da sabo suna nuna fayil ɗaya ne a faifai, don haka rumbu mai ɗaruruwan gigabait yana iya ƙaura cikin 'yan mintuna. Farashin wannan saurin shi ne da zarar sabon ya tashi ya yi rubutu, tsohon ya mutu, ba a sake tayar da shi. Ba baya sai daga ajiya. Akwai --check da ke duba ko ƙaurar za ta yiwu ba tare da ya taɓa komai ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a tsallake shi ba.

Abu ɗaya da ke tayar da hankali washegari shi ne nauyi. Kafin siga ta 18, pg_upgrade ba ya tahowa da ƙididdigar da rumbun ke amfani da ita wajen zaɓar hanya mafi sauri ta neman bayani. Sai a wayi gari binciken da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya yana ɗaukar minti biyu, a fara zagin sabuwar siga. Maganinsa vacuumdb --all --analyze-in-stages ne nan take bayan ƙaura. Siga ta 18, wadda ta fito ranar 25 ga Satumba 2025, ta fara riƙe yawancin wannan ƙididdiga.

Ta uku ta manya ce, waɗanda ba za su iya rufewa ko na minti goma ba. Ana tayar da sabon rumbu a gefe, tsohon yana aika masa kowane sauyi yayin da ake ci gaba da aiki, idan ya kamo shi sai a juya manhajoji zuwa gare shi. Tun siga ta 10 ake da wannan a cikin PostgreSQL. Ba ta kwafe sauyin tsarin jadawali, ba ta kwafe ƙirgen da ke ba da lambar layi ta gaba, sai an yi da hannu. Wanda ya manta da ƙirgen, sabon rumbunsa zai fara ba da lambar rasit daga 1.

Ɓarnar da ba ta yin ƙara

Nan ne aikin biyu ke karo da juna, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya.

Idan PostgreSQL zai jera kalmomi, a mafi yawan saituna ba shi ke yanke hukuncin wace ce gaba ba. Yana tambayar wani ɓangare na Linux mai suna glibc. Bahaushe ya san cewa jerin haruffa ba abu ne da ke zuwa da kansa ba. A ƙamus, ɓ tana bayan b, ɗ tana bayan d, ƙ tana bayan k, amma wani ne ya zauna ya tsara hakan, kuma a lambobin kwamfuta zalla waɗannan haruffan suna can nesa, bayan z. Ƙa'idar da ke cewa Ƙasimu ya zo kusa da Kabiru a jerin ɗalibai, ba a ƙarshen takarda ba, a irin wannan ɓangaren take zaune. Haka ma hukuncin yadda za a yi da karan ɗori da ɗigo da sarari da manyan haruffa.

Fihirisa kuma jeri ce da aka riga aka tsara aka ajiye a faifai. Rumbun yana neman suna a cikinta kamar yadda kake neman kalma a ƙamus: ka buɗe tsakiya, ka ga ko gaba za ka yi ko baya. Wannan yana aiki ne kawai idan ƙa'idar da aka jera da ita ita ce ƙa'idar da ake nema da ita.

A Agusta 2018 aka fitar da glibc 2.28, wadda ta sauya ƙa'idojin jeri sosai. Misalin da aka fi bayarwa ƙarami ne: a saitin Ingilishin Amurka, tsohuwar ƙa'ida tana sa 11 gaban 1-1, sabuwar kuma tana sa 1-1 gaban 11. Duk wanda ya tashi daga Debian 9 zuwa 10, ko Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, ko CentOS 7 zuwa wani abu na dangin Red Hat 8 ko sama, ya tsallaka wannan layin. Na ƙarshen bai zama tarihi ba tukuna, domin sai ranar 30 ga Yuni 2024 CentOS 7 ta ƙare, kuma ba kowa ne ya bar ta ba.

Abin da ke faruwa shi ne rumbun yana tashi lafiya, ba saƙon kuskure. Amma wani lokacin a nemi lambar katin marar lafiya a ce babu, alhali tana nan. Mafi muni, fihirisar da aikinta shi ne hana maimaita lamba ta duba wurin da ba shi ba, ta ga babu, ta bari a sake shigar da ita. Bayan watanni sai a tarar da mutum biyu da lamba ɗaya, kuma babu umarnin da zai faɗa maka wane ne na gaskiya. Sai an zauna an tantance da hannu.

A lura, wannan ba ya buƙatar a sauya sigar PostgreSQL. Ɗaga babbar manhajar kaɗai ya isa. Kuma pg_upgrade ba ya warkar da shi, tunda fayilolin fihirisar yake ɗaukowa yadda suke. Zazzagewa da sake zubawa ne ke sake gina su da sabuwar ƙa'ida, shi ya sa na ce ta fi dacewa da ƙananan rumbuna. Wanda ya bi ta pg_upgrade, sai ya ba da REINDEX ga duk fihirisar da ke kan rubutu kafin ya buɗe wa mutane. Daga siga ta 15, PostgreSQL yana rubuta sigar ƙa'idar jerin da aka gina rumbu da ita, yana kuma gargaɗi idan ta sauya. Akwai umarnin da ke kashe gargaɗin, kuma mutane da yawa suna ba da shi don kawai su daina ganin saƙon. Umarnin lambar kawai yake sabuntawa, bai gyara fihirisa ko ɗaya ba.

Ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba

Kowa ya san ana yin ajiyar ko-ta-kwana kafin irin wannan aiki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne bambancin siga yana iya kashe ita ajiyar kanta, domin pg_dump na tsohuwar siga ba ya yarda ya zazzage rumbun da ya fi shi sabunta.

Abin da ya sami GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, ke nan. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyansu ya share jakar bayanan babban rumbu bisa kuskure, yana zaton a kan rumbu na biyu, wanda kwafin babban ne, yake. Da suka koma ga ajiyarsu ta pg_dump sai suka tarar babu komai, saboda ana amfani da na siga 9.2 a kan rumbun da ke 9.6. Ajiyar ta daɗe tana faɗuwa, saƙon gargaɗin da ake aikawa ta imel kuma ba ya isa. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin lamarin ne ya cece su, abin da aka rubuta a tsakani kuma ya tafi. Kamfanin da kansa ya bayyana duk wannan a fili. Don haka bayan ƙaura, a duba wane pg_dump ne aikin ajiyar dare ke kira, kuma a ɗauki fayil ɗin a zuba shi a wata kwamfuta a ga ya tashi.

Masu cewa a bar shi, da masu cewa a bi zamani

Masu jan ƙafa suna da hujja, ba lalaci ba ne kawai. Kowace babbar siga tana sauya wani hali. Ta 12 ta daina karɓar fayil ɗin recovery.conf. Ta 14 ta sauya yadda ake ɓoye sababbin kalmomin sirri zuwa scram-sha-256, wanda tsofaffin manhajojin haɗi ba su sani ba. Ta 15 ta hana kowa da kowa ƙirƙirar jadawali a sashen public na sabon rumbu, abin da ya sa manhajoji da dama suka faɗi a wurin girkawa. Ga kuma ƙarin manhajoji irin PostGIS, mai kula da taswira, waɗanda dole a girka nasu na sabuwar siga kafin a fara ƙaura. Idan wanda ya rubuta maka manhaja ya ɓace, tsoron taɓa rumbun yana da tushe.

Amma jinkirin ba ya rage aikin, tara shi yake yi. Wanda ya tsaya shekara 6 zai haɗu da sauye-sauyen sigogi 6 a dare ɗaya, kuma ba a ranar da ya zaɓa ba. Masu haya a girgije, wato masu hayar uwar garke ta intanet, ma ba su tsira ba, domin tun 2024 Amazon ke karɓar ƙarin kuɗi daga masu riƙe sigogin da wa'adinsu ya wuce a RDS, tsarinsa na ba da hayar rumbun bayanai.

Ni ba na goyon bayan bin kowace siga ranar da ta fito. Abin da ya fi shi ne a raba aikin biyu. Masu PostgreSQL suna da ma'ajiyar kunshi tasu ta Debian da Ubuntu, wadda ake kira PGDG, inda ake samun duk sigogin da ke da rai. Da ita ana iya ɗaga rumbun wannan watan, a zauna a ga ya daidaita, a ɗaga babbar manhajar wani watan. Idan abu ya lalace, an san daga ina ya fito.

Ina ruwan wanda bai taɓa ganin uwar garke ba?

DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda Nijeriya da Nijar da Ghana ke tara alƙaluman kiwon lafiya da ita, a kan PostgreSQL da PostGIS take gudana. Odoo, da kamfanoni ke riƙe lissafi da kaya da ita, ita ma a kan PostgreSQL take. Idan aka ce wa mutum "tsarin ya faɗi, a dawo gobe", wani lokacin ƙaurar da ba a gwada ba ce. Wannan ma da sauƙi, tunda ana gani. Wanda ba a gani shi ne tsohon rumbu da ke zaune ba gyaran tsaro alhali sunaye da lambobin waya da tarihin jinya suna ciki, ko fihirisar da ta karkace tana ɓoye sunan ɗalibi ranar duba sakamako.

Shugaban makaranta ko na asibiti ba sai ya iya umarni ko ɗaya ba kafin ya tambayi mai kula masa da kwamfuta wace siga ake kai da yaushe wa'adinta zai ƙare, yaushe aka gwada dawo da ajiya, da kuma ko an gwada ƙaurar a wata kwamfuta da kwafin bayanan gaske. Idan uwar garken a ofis take ba a girgije ba, a ƙara da tambayar wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar zazzagewa da zubawa ba ta taɓa tsohon rumbun, sai dai a sake daga farko. A tsakiyar --link kuwa lamarin ya fi wuya, don haka a cika batirin inbata, a zuba wa janareta mai, kuma a bar tsohon rumbun da ajiyarsa aƙalla har a wuce lissafin ƙarshen wata kafin a ba da pg_dropcluster 13 main.